Injin oksijin na iya kaɗawa yaro bai samu oksijin ba: abin da ya kamata a sani

A watan Janairun 2021, annobar korona na tsaka da ɓarna, Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kashe Naira biliyan 6.45 don kafa injinan samar da iskar oksijin a wurare 38 na ƙasar nan. Tun daga lokacin aka saba ganin hotunan ƙaddamar da irin waɗannan injina. Abin da ba ya shiga hoto shi ne tsabtar iskar da injin ke zuƙa, alhali a kanta amfaninsa ya rataya.

Maganar ta shafi arewacin Zamfara kai tsaye. A tantancewar da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya a watan Yunin 2024, an tarar fiye da ɗaya cikin kowane yara huɗu da aka auna a Shinkafi da Zurmi na fama da tamowa. Yaron da yunwa ta rarake, idan limoniya ko ƙyanda ta kama shi, numfashi ne kan fara gagararsa. Jiran tukunyar oksijin daga Gusau kuwa na nufin jiran motar da za ta bi ta Ƙaura Namoda, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka sha tarewa. Don haka injin da ke samar da oksijin a cikin asibiti ya fi zama abin dogaro.

Sai dai injin ba ya ƙirƙirar oksijin. Tankaɗe yake yi. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, oksijin kashi 21 kacal. Kwamfiresa kan zuƙi wannan iska ta matse ta, ta tura ta cikin tukwane cike da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ziyolait. Ƙwayoyin kan riƙe naitirojin, su bar oksijin ta wuce da ƙarfin kusan kashi 93. Haka ƙaramar na'urar gefen gado mai ba da lita 5 ko 10 a minti take aiki, haka ma babban injin da ke cika tukwane.

Ma'aunin ƙasa da ƙasa na tsabtar matsattsiyar iska, ISO 8573-1, ya ware abokan gaba uku: ƙura, ruwa da mai. Ƙura dai mutumin Zurmi ba ya buƙatar bayaninta da hunturu. Ruwa ne ya fi yaudara, domin ba a ganinsa sai an matse iskar. A zafin digiri 30, lita 1,000 ta iska na iya ɗaukar kimanin giram 30 na tururin ruwa. Idan aka cusa lita 8,000 ta jiƙaƙƙiyar iskar damina cikin tankin lita 1,000, an shigar da giram 240 wurin da ba zai riƙe fiye da 30 ba. Da zarar iskar ta huce, sauran ya zama ruwa. Duk mai facin taya a tashar Ƙaura ya san wannan, shi ya sa yake kwance famfon gindin tankinsa ruwa mai tsatsa ya tsiyaye. Taya ba ta damu ba. Ziyolait kuwa ta fi son ruwa a kan naitirojin: in laima ta isa gare ta sai ta shanye, ta daina tankaɗe. Baƙin man kwamfiresa ya fi muni, domin yakan lulluɓe ƙwayoyin ta yadda ba sa farfaɗowa, kuma haɗuwar mai da oksijin mai matsi hanyar gobara ce.

Nan ne haɗarin yake. Injin da ziyolait ɗinsa ta mutu ba ya tsayawa. Yana ci gaba da ƙugi, kwalbar ruwan da ke jikinsa na ɓuɓɓuga, uwa na kallon robar hancin ɗanta hankalinta kwance, alhali abin da ke shiga ƙirjinsa bai fi iskar ɗakin da komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi cewa ƙaramar na'ura ta yi ƙarar gargaɗi idan oksijin ta sauka ƙasa da kashi 82, amma tabbaci na gaskiya sai da na'urar awon oksijin ta hannu, wadda ake ɗorawa a bakin bututu.

Akwai kuma wurin da aka ajiye kwamfiresar. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, janareta ne abokin zaman injin, kuma sau da yawa a rumfa guda. Idan bakin zuƙar iska na fuskantar salansa, hayaƙi mai guba ne za a matse a tura ciki.

Maganin ba na a-zo-a-gani ba ne. Bakin zuƙa a sama, nesa da hayaƙi. Na'urar busar da iska, wadda kan sanyaya ta zuwa kusan digiri 3 don ruwan ya fita kafin ta isa ziyolait. Matatun ƙura da na mai da ake sauyawa gwargwadon awoyin aiki. Tsiyaye tanki kullum. Wanke soson ƙaramar na'ura duk mako. Aiki ne na ƙwararren ma'aikaci mai albashi da littafin rubuta awo, irin wanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, mai sassan injiniyanci, za ta iya yayewa.

A ganina, tarnaƙin na cikin yadda muke kashe kuɗin gwamnati. Sayen inji babbar kwangila ce mai yankan ƙyalle da suna a jikin allo. Matatar da ake sauyawa bayan wata shida ba ta da mai ɗaukar hoto. Saboda haka idan ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ya sanar da kawo injin oksijin Shinkafi, Zurmi ko Ƙaura, a nemi ganin layin kula da shi a kasafin kuɗi da sunan ma'aikacin da aka damƙa wa, a kuma tambayi ranar da aka yi awon ƙarshe da adadin da ya nuna.