Robar da ke Shiga Jikin 'Ya'yanmu Tun Suna Ciki

Na gaji da jin magana ɗaya. Ka ce wa uwa ta daina zuba wa jariri kunu mai tururi a tsohon kofin roba, ko ta karɓe 'yar tsanar nan mai laushi da yake tsotsa tun safe, amsar ba ta sauyawa: "Mu ma a roba muka ci muka girma, ga mu nan ba mu mutu ba." Daga nan sai ta ɗaga yaron ta nuna maka kumatunsa: "Dubi yadda ya yi ɓul-ɓul, tubarkalla. Wannan ne za a ce wani abu na damunsa?" Kaka ta goya mata baya, maigida ya yi dariya, zance ya mutu.

Abin da ake jin tsoro shi ne wasu sinadarai da ake kira fitalet. Ana zuba su a robar PVC don ta yi laushi, ana kuma sa wasunsu a turare da man shafawa da jan farce don ƙamshi ya daɗe ko fenti ya zauna. Ba sa manne wa robar sosai, don haka zafi da maiƙo da tsufa suna fito da su, su shiga abinci, su bi ƙurar ɗaki.

To, mu koma kan "ba mu mutu ba". Wa ya ce mutuwa ce ma'aunin? Fitalet ba shinkafar ɓera ba ce da za a ci da rana a faɗi da yamma. Aikinsu a kan homon yake, wato sinadaran da jiki ke aika saƙo da su, masu gaya wa gaɓoɓi lokacin girma, da yawan kitsen da za a tara, da lokacin balaga. Babban mutum an riga an gama gininsa. Ɗan tayi da jariri kuwa ana tsakiyar aikin ne, kuma kowane magini ya san idan tushe ya karkace, bango ba ya nuna tsaga a ranar, sai bayan shekaru. Waɗannan sinadarai suna kaiwa ga ɗan da ke ciki, an same su a ruwan mahaifa, an same su a nonon uwa. Kada wata ta ji wannan ta ce za ta yaye yaro; nono dai ya fi komai.

A 2005 wata masaniya a Amurka, Shanna Swan, da abokan aikinta suka auna fitsarin mata masu ciki, daga baya suka duba 'ya'yansu maza. Waɗanda iyayensu suka fi yawan fitalet a jiki, an ga tazarar da ke tsakanin duburarsu da al'aurarsu ta fi gajarta, alamar cewa homon ɗin maza bai yi cikakken aikinsa a ciki ba. Wace uwa ce za ta gane wannan da ido a wajen wankan jego? A 2004 an yi bincike a Suwidin da ya danganta yawan fitalet a ƙurar ɗaki da asma da ƙaiƙayin fata a jikin yara. A 2022 aka haɗa bayanan mata masu ciki fiye da 6,000 a Amurka, aka ga masu yawan sinadarin sun fi fuskantar haihuwar bakwaini. Duk waɗannan yaran "ba su mutu ba".

Batun ƙiba shi ne ya fi ba ni haushi, domin nan ne idonmu ke yaudararmu. Na san dalilin. A yankin da tamowa ta daɗe tana ɗauke yara, dole uwa ta ji sanyi a ranta idan ta ga ɗanta ya cika. Amma ƙiba daban, lafiya daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 37 ne nauyinsu ya wuce kima, kuma matsalar ta daina zama ta ƙasashen masu kuɗi kaɗai. A gwaje-gwajen da aka yi kan dabbobi da ƙwayoyin halitta, an ga wasu fitalet suna taɓa makunnin da ke sa jiki ya ƙara ƙwayoyin kitse. A kan yara kuwa sakamakon bai zo baki ɗaya ba: wasu bincike sun ga alaƙa tsakanin haɗuwa da sinadarin tun a ciki da ƙiba daga baya, wasu ba su gani ba. Ko da haka, kumatu ba sa wanke roba daga zargi, tunda ƙibar kanta tana cikin abin da ake tuhumarta da shi. Yaron da ya tashi da ƙiba ya fi kusa da ciwon suga da hawan jini idan ya girma. Ba shakka lemon kwalba da kayan zaƙi da zaman kallo da gado duk suna da nasu hannu.

Sannan wannan "mu ma a roba muka girma", a gaskiya wa ya girma a roba? Kakanninmu a ƙwarya suka sha fura, a akushi suka ci tuwo, ruwansu na randa ne, kwanciyarsu a tabarmar kaba. Jaririn yau kuwa yana rarrafe a ledar ɗaki, wadda yawanci robar PVC ce, yana tauna abin wasan roba, an shafe shi da mai da hoda da turare kala uku kafin azahar. A wani bincike na 2008 a Amurka, an gwada fitsarin jarirai 163, duka an sami fitalet, kuma waɗanda ake shafa wa mai da hoda da sabulun gashi sun fi yawansa.

Tarayyar Turai ta hana wasu fitalet a kayan wasan da ƙananan yara ke sawa a baki tun 1999, Amurka ta yi dokarta a 2008. A Taiwan a 2011 an kama masu zuba DEHP, ɗaya daga cikin fitalet mafiya muni, a sinadarin haɗa lemo don ya fi arha. Mu kuwa muna sayen abin wasa marar suna, marar takarda, a gefen titi ko a gwanjo, mu miƙa wa mai haƙori biyu.

Labari mai daɗi shi ne jiki ba ya riƙe fitalet. Yana fitar da yawancinsu ta fitsari cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Matsalar ita ce kullum ana sake zubawa, don haka duk abin da aka rage yau yana da amfani. Abinci mai zafi ko mai maiƙo, a sa shi a kwanon samira, ko na silba, ko tangaran, ko filas mai ƙarfe a ciki. Farar ledar tuwo ba PVC ba ce, ba ita ce babbar matattarar ba, amma baƙar ledar da aka narka tsofaffin robobi aka yi, babu mai iya ce miki ga abin da ke cikinta, don haka kada ta taɓa ƙosai ko awara mai zafi. Alala ta dahu a ganye ko gwangwani mai tsabta. A duba gindin roba: idan an ga lamba 3 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, PVC ce, a nisanta ta da abinci. Robar da ta tsufa, ta yi zane-zane ko danƙo, ta koma ta wanki. Ruwan da ya yini a tiyo cikin rana ba na sha ba ne. Abin wasa mai laushi mai warin sabuwar roba, a bar wa mai shi kayansa. Cokalin katako mai santsi ya ishi mai fitar da haƙori. In akwai ledar ɗaki, a shimfiɗa wa jariri zani ko tabarma, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura, a buɗe taga, a wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Man kaɗanya ya wadatar da fatarsa, turare kuma ba na jarirai ba ne. Mai ciki ita ma ta sassauta da turaruka da jan farce, musamman a watannin farko.

Wani gargaɗi na daban ga masu saurin ɗaukar magana: wasu ledojin ƙarin ruwa da na jini a asibiti na PVC ne, haka ne, amma duk wanda ya hana a sa wa yaronsa ruwa saboda wannan rubutu bai fahimce shi ba. Gudawa na iya kashe jariri a yini ɗaya, in likita ya ce a ɗaura ruwa, a ɗaura.