Jigo, Turke da Adon Harshe: Kalmomin da Ɗalibin Adabi Zai Fara Riƙewa

Ni da na karanta kimiyya, na saba da kalmomin da aka aro daga Latin da Girkanci. Shi ya sa abin ya burge ni da na lura cewa yawancin kalmomin nazarin adabin Hausa daga gida da gona aka ɗebo su.

Ɗauki jigo. A lambu, jigo shi ne itacen da ake kafawa a bakin rijiya don ɗebo ruwa. A adabi kuwa, shi ne babban saƙon da aka gina rubutu a kansa. A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki: a tambaye su jigo, sai su kama ba da labari tun daga farko. Jigon littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba jerin garuruwan da yaron ya ratsa ba ne, bauta ce da yadda take raba uwa da ɗa. In ka kasa faɗinsa a jimla guda, to ba ka kama shi ba tukuna.

A waƙar baka, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun fi cewa turke, wato inda ake ɗaure dabba. Makaɗi zai yi yabo, ya yi zambo, ya yi habaici, amma duk yawon nan a kewayen turken yake yi. Haka kuma rubutacciyar waƙa tana da baiti da ɗango, ta baka tana da gindi da ɗiya. Kar ka cakuɗa su a jarrabawa.

Sai adon harshe, wanda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya yi wa rabe-rabe. In ka ce "Audu kamar zaki yake", ka yi kamance, kuma alamarsa ita ce kamar, tamkar ko sai ka ce. Cire ta, ka ce "Audu zaki ne", ya koma siffantawa. "Yunwa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa" mutuntarwa ce, don yunwa ba ta da hannu. Wanda ya ce ya yi kuka har hawayensa sun cika rijiya kuwa, kambamar zulaƙe ya yi.

Gano sunan dabarar rabin aiki ne kawai. Mai duba takardarka yana son ka faɗi dalilin da ya sa marubucin ya zaɓi zaki, bai zaɓi kura ba, alhali duka biyun naman daji ne masu ban tsoro.