Kiwon karfasa a akwatin gilashi

Karfasa kifin kogi da tafki ce daga dangin da masana ke kira Cichlidae, dangin da ke da nau'o'i sama da 1,600, akasarinsu a Afirka da Kudancin Amurka. A jihar Kano ana kama ta a madatsun ruwa irin su Tiga da Watari, kuma an fi saninta a tukunya. Duk da haka ana iya ajiye ta a gida cikin akwatin gilashi domin ado, kamar yadda ake ajiye 'yar uwarta oska ta kogin Amazon. Babbar matsalar wannan kiwo ita ce faɗa.

Dalilin faɗa

Faɗan karfasa na tsaron wuri ne da na 'ya'ya. Namijin karfasar Nilu, wato Oreochromis niloticus, yana tona rami a cikin yashi ya kori duk kifin da ya kusanto. Macen kuwa tana kwashe ƙwai a bakinta na kusan mako biyu, ba ta cin abinci. A nau'in Coptodon zillii mai jan ciki, iyayen biyu ne ke gadin ƙwai tare. A madatsa, kifin da aka kora yana da wurin gudu. A akwati babu, don haka ana ta cizonsa har ya daina ci, wani lokaci ya mutu.

Akwati

Karfasar Nilu tana iya kai santimita 60, oska kuma ta haura 30, saboda haka ƙaramin akwati ɓarnar kuɗi ce. Masu kiwo sukan ware wa oska ɗaya kimanin lita 300. Ana jera duwatsu da fasassun tukwane don kifayen su daina ganin juna, kuma ba a haɗa maza biyu a ƙuntataccen wuri. Tsirrai ba sa daɗewa, tumɓuke su ake yi.

Ruwa

Manyan kifaye suna ɓata ruwa da sauri, shi ya sa ake canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako. A karkara irin ta Tofa, ruwan rijiya ya fi na famfo sauƙi domin ba shi da sinadarin kulorin, amma ɗaukewar wuta tana tsayar da injin hura iska. Karfasa ta fi son ɗumin digiri 25 zuwa 30, kuma tana mutuwa idan ya sauka zuwa wajen 11. Da hunturu, akwatin da ya kwana a tsakar gida yana yin sanyi fiye da na cikin ɗaki.