Ɗaiɗoya a Bakin Ƙofa: Yadda Ake Shuka Ta Daga Iri

Duk uwargidan da ta taɓa jefa ganyen ɗaiɗoya cikin farfesun kaza ta san bambancin miyar da ke da shi da wadda babu. Amma a unguwanninmu na zango, daga Nima ta birnin Akra har Aboabo ta Kumasi, yawanci sai an je kasuwa ake samun sa. In hunturu ya shigo ya yi tsada, ga shi wasu masu lambu a cikin gari da ruwan kwata suke ban-ruwa. Alhali tsohon bokiti guda da kusurwar da rana ke kaiwa sun isa gida ya wadatu.

Ɗaiɗoya iri biyu muka fi sani a nan Ghana. Akwai ƙarama mai laushin ganye, wadda Asante ke kira akoko mesa, ita shekara guda take yi ta mutu. Akwai babba, wato nunum, ko efirin a bakin Yarbawa, wadda kan kai tsayin mutum, ta kuma yi shekaru tana ba da ganye. Ƙamshin babbar ya yi kama da na kanumfari, domin akwai man da suka haɗa. Duka biyun 'yan ƙasar zafi ne, sanyi ne abokin gabarsu, saboda haka yanayinmu ya dace da su.

Da farko a huda gindin bokiti ko gwangwani wuri huɗu ko biyar don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu, rairayi kashi ɗaya, tsohon taki kashi ɗaya. A guji ɗanyen kashin kaji, yana ƙona tsiro.

Irin ɗaiɗoya bai kai ƙwayar riɗi ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asara, domin suna binne shi kamar masara. Barbaɗa shi ake yi a bisa ƙasa mai laima, a rufe da ƙasa 'yar kaɗan, kada ta wuce rabin santimita. In irin ƙaramar ya jiƙa za a ga ya yi yauƙi fari-fari. Ba lalacewa ya yi ba, halinsa ke nan. Ƙaramar kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, babbar kan ɗan ƙara jinkiri.

Abu na biyu da ke kashe tsiro shi ne yawan ruwa. In ƙasa ta zauna jagab, gindin tsiron sai ya ruɓe ya kwanta. A yayyafa ruwa da hannu da safe, in an taɓa ƙasa an ji ta fara bushewa. A kudu, inda ake ruwa mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, a ajiye bokitin inda ruwan indararo ba zai doke shi ba. A arewa kuwa, wajen Tamale da Bawku, iskar hunturu da zafin Maris ne abin tsoro, sai a yi wa tsiron 'yar rumfa ta zana, a kuma duba shi safe da yamma.

Bayan mako uku ko huɗu, in tsiro ya yi ganye huɗu zuwa shida, sai a yi dashe da yamma. A bar santimita 30 tsakaninsu, wato kamar taƙi ɗaya da rabi. Babbar ɗaiɗoya tana son bokitinta ita kaɗai. Daga nan a ba su rana ta awa shida a yini.

In shuka ta kai taƙi guda, a tsinke kanta daidai saman ganye biyu. Nan za ta fid da rassa biyu, ta yi duhu. Da an ga fure a cire, domin in ta shiga yin iri sai ganye ya ragu. A miya kuma, sai an kusa saukewa a sa ganyen, in ya daɗe a wuta ƙamshin tashi yake yi.

Sai dai a ƙyale guda ɗaya ta yi fure. In zangarniyar ta bushe ta yi ja-ja, a yanke, a murje a faifai, a sheƙe, a ƙulle irin a takarda a ajiye inda babu laima. Na baɗi ke nan, har da na maƙwabta. Masu iya magana sun ce da sabon gini gara yaɓe, to, wanda ya adana iri ba ya komawa kasuwa nema.

Wasu kan ajiye ɗaiɗoya a bakin taga don ƙamshinta ya kori sauro. Ba laifi, amma kada ta hana yara kwana cikin gidan sauro. Allah ya ba mai shuka sa'a.