Tamowa da Gudawa a Jikin Yaro

Duk wanda ya lura da sha'anin yara a ƙauyukan da abinci ke ƙaranci kafin kaka, zai ga cewa yaron da aka yaye, aka bar shi da tsararon koko, shi ne gudawa ke fara kayarwa, kuma shi ne take daɗewa ba ta saki ba. Wannan mas'ala ta shagaltar da masana tun da daɗewa, har a 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin Scrimshaw da abokan aikinsa, inda suka kafa hujja cewa yunwa da cuta taimakon juna suke yi.

Sababin haka a hanji yake. Allah cikin hikimarsa ya shimfiɗa wa hanji wasu ƙananan tsirori masu tsotse amfanin abinci, waɗanda, idan tamowa ta kama yaro, sukan lafe su sirance, garkuwar jiki kuma ta yi rauni, ta yadda ƙwayar cutar da ƙosasshen yaro zai kore cikin kwana uku sai ta samu wurin zama. Binciken da aka yi a karkarar Bangaladash, aka buga a 1984, ya nuna cewa illar tamowa ta fi bayyana a tsawon jinyar, fiye da yawan kamuwa. Gudawar kuwa, muddin tana nan, tana kwashe ɗan abin da yaron ya ci, tana kashe masa sha'awar ci, har ya tashi daga jinya ya fi dā rama, ya zama ganima ga ta gaba.

A nan ne al'ada ke yin ɓarna, alhali da kyakkyawar niyya ake yin ta. Sau da yawa akan ce haƙori ne, a zuba ido. Ko a ga maɗiga ta faɗa a nemi abin shafawa, alhali ƙarewar ruwan jiki ce ta jawo. Mafi muni kuma, a janye abinci wai don ciki ya huta. Hanjin da aka hana abinci ba ya farfaɗowa.

Magani kuwa ba mai tsada ba ne. Ruwan gishiri da sukari ya nuna ƙarfinsa a 1971, sa'ad da Dakta Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya. Tun 2004 kuma aka haɗa shi da ƙwayar zink, ta kwana 10 zuwa 14. Sai dai yaron da tamowa ta riga ta yi wa tsanani, asibiti ne wurinsa, domin jikinsa ba ya jure gishiri kamar na sauran.

Saboda haka, iyaye, idan gudawa ta kama yaro kada a tsayar da nono, kada a rage kunu, a ƙara masa gyaɗa ko wake, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya kullum har mako biyu.