Yadda Ake Saita Na'urar Sanyaya Ɗaki a Lokacin Damina

A ƙasar Kebbe da Tambuwal, da ke kudancin Jihar Sakkwato, zafin bazara yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, shi ya sa masu na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da iyakwandishan, suka saba sauke ta zuwa digiri 16 ko 18 a ofisoshi da shagunan magani da gidaje. Sai dai da zarar damina ta kankama a watan Yuni, musamman idan aka shiga marka a Agusta, abin da ke takura jiki yakan sauya, domin zafi ya ragu amma laima ta ƙaru, saitin da ya yi amfani a bazara kuwa sai ya zama ɓarnar wuta da kuɗi.

Laima ita ce tururin ruwan da ke cikin iska, ana kuma auna ta da kashi cikin ɗari na abin da iskar za ta iya ɗauka a wannan zafin. A hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20 a wannan yanki, a tsakiyar damina kuwa takan wuce kashi 70, alhali jiki ya fi sakewa tsakanin kashi 40 zuwa 60. Jikin mutum yana sanyaya kansa ne ta bushewar gumi, to idan iska ta ƙoshi da ruwa sai gumin ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, tabarma ta yi danshi, fumfuna ta fito a bango da takalma. Dalilin da ya hana ruwan randa yin sanyi sosai a damina ke nan, kuma shi ne ya sa fanka mai ruwa, wadda ke taimakawa a bazara, take ƙara wa ɗaki nauyi a wannan lokaci.

Asalin na'urar ma don laima aka ƙirƙiro ta, domin a shekarar 1902 injiniya Willis Carrier ya tsara ta ne saboda wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka, inda danshi yake lalata takardu. Iskar ɗaki tana ratsa wasu bututu masu sanyi a cikin na'urar, tururin ya koma ruwa a jikinsu kamar raɓa, ruwan kuma ya bi tiyo ya zuba a waje. Gwargwadon jinkirin iskar a kan bututun, gwargwadon ruwan da ake tatsa daga cikinta.

Saboda haka, a ranar da hadari ya rufe ko ruwa ya kwana yana zuba, abin da ya dace shi ne a danna rimot zuwa alamar ɗigon ruwa, wato tsarin busar da iska, wanda ke rage gudun fankar ciki, ya kuma sa kwamfuresa, injin da ke tura iskar gas mai sanyaya bututun, ya yi aiki a hankali. Idan kuwa rana ta buɗe bayan ruwa, zafi da laima suka haɗu, sai a koma alamar ƙanƙara, wato tsarin sanyaya ɗaki, a tsayar da ita tsakanin digiri 24 zuwa 26, a bar fankar a ƙaramin gudu. Ƙasar Indiya ma tun 2020 ta wajabta wa kamfanoni su fitar da sababbin na'urori a saite kan digiri 24. Alamar fanka ita kaɗai ba ta cire ruwa ko kaɗan, juya iskar kawai take yi.

Girman na'ura ma yana da tasiri, domin wadda ta fi ƙarfin ɗaki takan sanyaya shi cikin 'yan mintuna ta tsaya tun ba ta tatse ruwan ba, sai a sami ɗaki mai sanyi da danshi tare. Wajibi ne a rufe ƙofa da taga, a wanke rariyar da ke tace ƙura duk bayan mako biyu, a kuma duba tiyon kada ya toshe ko ya tara kududdufi a gindin bango, tun da damina ce lokacin da sauro da zazzaɓin cizonsa suka fi addabar jama'a.

Wanda ke dogara da janareta ko sola shi ya fi kowa cin ribar wannan tsari, ganin cewa hadari yana rage abin da farantan sola ke tarawa, man fetur kuma ya yi tsada. Yana da kyau a kashe na'urar idan ana tsawa, a haɗa ta da sitabilaiza, a kuma jira kamar minti uku kafin a sake kunna ta bayan ɗaukewar wuta, don kada kwamfuresa ya ƙone. Magidancin da ya fahimci cewa ruwan da ke cikin iska ne ke hana iyalinsa barci a watan Agusta zai sama musu ɗaki busasshe mai daɗin kwana, da wutar da ba ta kai wadda yake ƙonawa a bazara ba.