Gadon Da Ba Ya Shiga Jadawali

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin rajista ya san dokarsa: kowane mutum da layinsa, kowane bayani da gurbinsa. Suna a nan, ranar kama aiki a can, albashi a gurbi na gaba. Kwamfuta ba ta sāke wannan tsari ba, ƙarfafa shi ta yi. A cikin shekarar 1970 wani masanin lissafi haifaffen Ingila, Edgar Codd, wanda ya ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya rubuta takarda ya nuna cewa bayanai komai yawansu ana iya ajiye su cikin jadawalai masu layuka da gurabe, sa'an nan a danganta wannan jadawali da wancan ta hanyar lamba. Bisa ga wannan aka gina harshen SQL, wanda da shi a ke yi wa rumbun bayanai tambaya, aka kuwa tsai da ƙa'idarsa a 1986.

Shekara uku kafin takardar Codd, watau a 1967, wasu masana biyu a birnin Oslo na ƙasar Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, sun fito da harshen Simula 67 na rubuta wa kwamfuta umarni. Su ba jadawali su ke tunani ba, jinsi su ke tunani. Sai a ce ga jinsin Ma'aikaci, yana da suna da lamba da ranar kama aiki. Malami kuwa ma'aikaci ne, saboda haka ya gaji waɗannan duka ba tare da an sāke rubuta su ba, sai a ƙara masa takardar shaidar koyarwa. Direba ma ya gaje su, a ƙara masa lambar lasin. Wannan shi masu sana'ar su ke kira gado. Amfaninsa a fili ya ke: in an rubuta dokar lissafin hutu sau ɗaya a kan Ma'aikaci, ta hau kan malami da direba da akawu baki ɗaya. Harsunan da a ke aiki da su yau, irin su Java da Python, duk sun ɗauki wannan dabara.

To, ga inda gizo ke saƙa. Manhaja tana tunani da uba da ɗa, rumbun da za ta ajiye kayanta a ciki kuwa bai san uba ba, bai san ɗa ba, layi da gurbi kaɗai ya sani. Don haka aka ƙago wata manhaja ta tsakiya, a takaice ana kiranta ORM, mu kuwa bari mu kira ta tafinta, gama aikinta ke nan: ta karɓi malami daga hannun manhaja ta mai da shi layi, ta ɗauko layi daga rumbu ta mai da shi malami. Gavin King ya soma Hibernate a 2001 domin masu Java. Rails ta fito a 2004, Django a 2005, kowace da nata tafintan, Michael Bayer kuma ya saki SQLAlchemy a 2006. A wannan shekara ce aka tsai da ƙa'idar JPA, a cikinta kuma wani marubuci mai suna Ted Neward ya kwatanta aikin tafinta da yaƙin Biyetnam, shiga da sauƙi, fita da wuya. Ya yi zafi da yawa a ganina, amma ba a banza ya faɗa ba.

Tafinta ba ya zaɓa wa mutum yadda za a shimfiɗa gado cikin jadawali, sai dai in an ƙi zaɓa ya ɗauki wadda aka saba masa. Hanyoyin uku ne, Martin Fowler ya ba su sunaye cikin littafinsa na 2002.

Wadda aka fi bi ita ce a zuba kowa cikin jadawali ɗaya mai faɗi. Malami da direba da akawu duk layi-layi a wuri guda, a ƙara gurbi ɗaya wanda zai faɗi jinsin kowa. A ƙa'idar JPA sunan wannan gurbi DTYPE in ba a sāke masa suna ba. Ita JPA da Entity Framework na kamfanin Microsoft su ke ɗauka in ba a ce musu komai ba, ita ce kuma ta Rails. Tana da sauri ƙwarai, domin tambaya ɗaya ta isa a kawo ma'aikata duka. Amma masu karatu su lura da abin da a ke sayarwa a sayi wannan sauri. Gurbin lasin yana nan a layin malami, fanko. Gurbin takardar koyarwa yana nan a layin direba, fanko. Tun da dole ne a bar waɗannan gurabe fanko ga wasu, ba shi yiwuwa a ba rumbu doka mai sauƙi cewa kada ya karɓi layi sai an cika gurbin lasin. Ke nan ranar da wani ya shigar da direba ba lasin, rumbu zai karɓa bai ce uffan ba. Akwai magani, a rubuta wa rumbu sharaɗi na musamman cewa in jinsi direba ne lalle a cika lasin, amma galibi sai mutum ya tuna ya rubuta da hannunsa. Kowane malami ya san abin da ke samun aikin da aka bar wa tuni.

Hanya ta biyu ta fi tsabta. Jadawali babba ya riƙe abin da kowa ya yi tarayya a kai, kowane jinsi kuma a ba shi ƙaramin jadawali na abin da ya keɓanta da shi, lamba ɗaya ta ɗaure su. Ba gurbi fanko, doka kuma tana kamawa. Haka Django ke yi idan jinsi ya gaji wani mai jadawalin kansa. Kuɗinta shi ne wahalar haɗawa: ɗaukar malami ɗaya rubutu biyu ne, in kuwa jinsi takwas ne aka ce a kawo ma'aikata duka, tafinta na iya haɗa jadawali tara cikin tambaya guda. Sabon Entity Framework bai sami wannan hanya ba sai 2020.

Ta uku, kowane jinsi da cikakken jadawalinsa, ba babba. Sai an bi duka kafin a san ina mai lamba 214 ya ke, jadawalin albashi kuma ba shi da wuri ɗaya da zai ɗaura lambarsa. Ƙa'idar JPA ma ba ta wajabta wa tafinta ya iya ta ba.

Duk da haka, babban haɗari ba cikin zaɓen nan ya ke ba, yana can gaba da shi, wurin da aka yanke cewa malami jinsi ne. A harshen Java abu ba ya sāke jinsinsa. Yadda aka halitta shi haka zai zauna. Mutum kuwa yana sākewa. Malamin da ya yi shekara 12 a aji, sai a mai da shi ofis. Hibernate ba ta da hanyar da aka shirya ta mai da Malami ya zama Akawu. Mai gaggawa sai ya share tsohon layi ya buɗe sabo da sabuwar lamba, ranar kama aiki ta zama ta jiya. Ba wanda zai gane sai ranar lissafin fansho, sa'ad da bawan Allah zai tsaya gaban tebur da takardunsa na shekara 12 alhali kwamfuta ta ce ba ta san su ba. Haka nan wanda ya ke koyarwa yana kuma riƙe da kuɗin makaranta: malami ne ko ma'aji? Gurbin jinsi amsa ɗaya ya ke ɗauka.

Abin da ya kamata a nan shi ne a raba mutum da muƙaminsa. Jadawali ɗaya na mutane, lambar kowa ba ta sākewa har ya bar aiki. Wani na muƙamai, kowane layi da ranar farawa da ranar sauka. Canjin aiki sai ya zama rufe layi da buɗe wani, tarihi yana nan. Marubuta huɗu na littafin Design Patterns sun ba da shawara irin wannan tun 1994, cewa a fifita haɗa abu da abu bisa gado, ko da ya ke ba kan rumbu su ke magana ba.

Ba cewa na ke a yar da gado ba. Yana da wurinsa inda jinsi ba ya motsi. Biyan kuɗi misali ne mai kyau: wanda aka yi da tsaba, da wanda aka yi da cak, da wanda aka tura ta banki. Duk suna da adadi da rana da mai karɓa, cak yana da lambarsa, turawa tana da lambar asusu, kuma cak ɗin da aka biya bara ba zai wayi gari ya zama tsaba ba. Nan in bambancin gurbi biyu ne ko uku, jadawali ɗaya ya isa, muddin an rubuta sharaɗin da zai hana cak shiga ba lamba. In gurabe sun yi yawa, ko masu binciken kuɗi za su dogara ga rumbun kai tsaye ba ta hannun tafinta ba, sai a koma ga hanya ta biyu, tun layukan ba su taru ba.